Jan Fenti a Bangon Baba Didam

Duk ranar da na biyo ta bakin tsohon ofishinmu, sai samarin da ke zaune a kujerunmu su taso, wannan ya karɓi sandata, wancan ya jawo mini benci, sannan su fara tsokanata. "Baba Bulus, ai ku kun ci banza. Ku ɗauki gwangwanin fenti, ku shafa wa bangon mutum ja, ku hau keke ku wuce. Ina abin wuya a nan?" Nakan yi dariya in ƙyale su, don da yawansu ba su taɓa tsayawa a gindin bangon da ke shirin faɗuwa ba. To yau dai ku matso, zan ba ku labarin yadda aikin yake, ko kwa rage mini baki.

Na shiga aikin duba-gari tun zamanin En'e, wato hukumar gargajiya. Daga Madakiya na zo Kafanchan, aka ɗinka mini kaki, aka sa ni ƙarƙashin Malam Garba, wani dogon mutum mai sanyin murya wanda iyayensa da kakanninsa duk 'yan kasuwar garin ne. Kayan aikinmu ba su da yawa: ludayi mai dogon mariƙi, tocila, igiyar awo, sanda mai kan ƙarfe, sai gwangwanin jan fenti da buroshi a ɗaure bayan keke. Ludayin na randa ne. Ka tsoma shi a hankali ta gefe, ka ɗago, ka karkata shi wajen haske. In ka ga 'yan tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil, doka ta ce a zubar da ruwan a wanke randar. Ranar da na fara kama tsutsa a randar wata tsohuwa, har na sa hannu zan tuntsurar, Malam Garba ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce, "Bulus, ka tambaye ta inda rijiyarta take tukuna." Rijiyar tana can gangaren rafi. Na zubar da ruwan kamar yadda doka ta ce, na kuma ɗauki bokiti na yi ta sawu har randar ta cika, shi kuwa yana zaune kan turmi suna hira.

Mutanen gari ba sa murnar ganinmu, kuma ban ga laifinsu ba. Da an ji ƙararrawar keke a bakin lungu sai yara su kwasa a guje suna ihu, "Duba-gari! Duba-gari!" Kafin ka jingine keken, an rufe tukwane, an kora awaki, an watsa toka a bakin masai. Masu tuwo a tashar jirgi su yafa farin ƙyalle kan miya, su yi maka murmushin da ba ka taɓa gani ba. Mahauta su tashi korar ƙuda kamar yanzu suka fara ganinsa a duniya. Shari'ar da ta fi cin lokacinmu kuwa ita ce ta alade: na wannan gida ya fasa shinge ya shiga kwatar wancan gida, mai alade yana rantsuwa da Littafi Mai Tsarki ba nasa ba ne, maƙwabci yana rantsuwa da Alƙur'ani ya san kunnensa. Sai ka zaunar da su, ka auna inda za a kafa sabon shinge, ka tsaya har a kafa.

Duba bango shi ne abin da na fi daɗewa ina koyo. Bangon ƙasa ba daga sama yake mutuwa ba, daga gindi ne, inda ruwan indararo ke duka yana zaizaye shi. Za ka bi shi da sanda kana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya yakan amsa da ƙarfi. Wanda gara ta cinye cikinsa sai ka ji muryarsa kamar ta ganga. In akwai tsaga, ba ka yanke hukunci ranar. Ka kwaɓa ɗanyen laka, ka liƙa a kan tsagar, ka shafe da tafin hannu, ka tafi abinka. In ka dawo ka tarar lakar ta bushe lafiya, tsohuwar tsaga ce, ta gama tafiyarta. In ka tarar ta rabe biyu, to bangon yana motsi, kuma duk wanda ke kwana a bayansa ransa yana hannunka.

Da aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, Malam Garba ya yi ritaya, aka ɗora ni a kan sashen. Aiki ya ƙaru. Ban da randa da masai da mayanka, sai aka haɗa mana da gine-gine: wa ya ci hanya, wa ya toshe kwalbati, ɗakin wa ya zama haɗari. Garin kuma yana ta faɗaɗa, yana haɗiye ƙauyukan da ke gefensa, gidajen da jiya suke tsakiyar gona yau sun wayi gari da lungu da maƙwabta ta kowane ɓangare. Shugabancin sashe irin wannan, in gaya muku, rabinsa sauraro ne. Kansila ya zo yana roƙon a ɗaga wa surukinsa ƙafa, ma'aikacinka ya dawo an zage shi tas yana neman ka rama masa, kai kuma dole da safe ka raba su unguwa-unguwa kowa da fuskar da zai shiga gidan mutane.

Sai wata damina ta zo wadda har yau ba na son tunawa da ita. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba ya ɗaukewa ƙasa ta sha iska. Bangaye suka jiƙe har sama. A wata unguwa ɗaki ya rufta kan mace da goyonta, ni na je aka tono su, kuma ban iya cin abinci ba ranar. Washegari Sakataren ƙaramar hukuma ya kira ni, idonsa ja, ya ce duk ɗakin da na san zai faɗi in sa masa fenti, a fitar da mutane, a rushe. Ban yi musu ba, don ni ma abin da ke raina ke nan.

Ga yadda muke rushe ɗakin ƙasa a lokacin. Lebura su tsaya a waje da dogayen itatuwa, su dafa bangon daga sama, a yi kirari a tura gaba ɗaya. Ciki ake turawa, kullum ciki. Jinka ta fara zubawa, bango ya bi ta, komai ya taru a tsakar ɗakin mai shi. Dalili kuwa, kada ƙasa ta toshe lungu, kada ta faɗa gidan maƙwabci a sami sabuwar rigima. Aiki ne mai sauri, kafin rana ta take an gama an wuce na gaba. Mun rushe da yawa a haka a wannan damina, mutane suna tsaye suna kallo.

A cikin masu kallon nan akwai wani tsoho da na riƙa gani, da tsohuwar hular reluwe a kansa. Ashe ɗakinsa na cikin waɗanda ke jiranmu. Baba Didam sunansa, ya yi aikin gyaran layin dogo har ƙarfinsa ya ƙare. Gidansa yana bayan layin, ɗakuna biyu ne kacal. Ɗaya na bulo da rufin kwano, lafiyayye, ya cika shi da buhunan citta da tsofaffin kayan aiki. Ɗayan zagayayyen ɗakin ƙasa ne mai jinka, tun na zamanin da wurin yake ƙauye, kuma a cikinsa yake kwana. Bangon ya kumbura ta gindi, tsaga ta taso daga ƙasa ta karkata har ƙarƙashin jinka. Na ƙwanƙwasa, ya amsa mini da muryar ganga. Na liƙa laka, na dawo na tarar ta rabe har yatsana yana shiga.

Na same shi zaune a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi da harshenmu na gida, don yarenmu ɗaya, sannan na ce, "Baba, ɗakin nan ba zai kai ƙarshen damina ba. Ga ɗaki mai kyau can, taku kaɗan ne. Mu kwashe cittar, ka koma."

Ya ce, "Na ji, ɗana."

Na shafa fentin. Ya bi hannuna da kallo har na rufe gwangwani. Da na dawo, yana nan inda yake, tabarmarsa tana ciki. Na sake magana, ya ce ya ji. Na aika wa 'yarsa Ladi da ke aure a Manchok, ta zo ta yi kuka ta yi roƙo, ya ce ta gaida yara. Fasto ya zo ya yi addu'a, Baba ya ce amin da ƙarfi, ya shige ɗakinsa ya jawo ƙofa. Ba ya faɗa, ba ya zagi, amma ko ƙafar mutum ba ya bari ta tsallaka dokin ƙofar.

Maƙwabcinsa ta bayan ɗakin Malam Iro ne, mahauci, lungu ɗaya ne ya raba katangarsu. Shi ya fara kawo mana ƙara, don 'ya'yansa ta lungun suke bi. Amma da na ce masa zan kawo lebura a fitar da tsohon ko da ɗauka ne, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Oga, ni na kai ƙara, amma ban ce a ɗauke shi kamar buhu ba. Shekara da shekaru muna tare. Ka shiga ɗakin tukuna." Na ce ai ba ya bari. Ya ce, "Ka cire hular nan da takalmin, ka je ba da fenti ba." Na tambaye shi abin da ke ciki, ya ce ba a bakinsa zan ji ba.

Sakatare kuwa yana ta tambaya. Ya ce, "Bulus, in ɗakin nan ya kashe tsohon nan da fentinka a jiki, me za ka ce?"  Duk hadarin da ya haɗu ta gabas, sai in tuna da ɗakin nan.

Ranar Lahadi bayan an taso sujada na tafi, da rigar coci, ba keke ba sanda. Na zauna kusa da shi a bakin ƙofa. Muka yi hirar layin dogo, da yadda ake ɗaga ƙarfe a sa katako a ƙarƙashi, da Turawan da ya yi aiki da su, wane mai faɗa, wane mai kyauta. Ban ambaci bango ba. Can ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan wane ne a Madakiya?" Na gaya masa. Ya ce ya san kakana. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya tura ƙofar, ya ce in cire takalmi.

Ɗakin a share yake tas. Haske yana shigowa ta tsagar, dogo, har ƙasa. Ta gefen hagu akwai tabarmarsa da bargo. Ta gefen dama akwai wani ɗan tudu mai tsawon mutum, an yi masa daɓe sumul, an shimfiɗa masa zanen zumuntar matan coci wanda ya koɗe. Ban buƙaci a gaya mini ba. A ƙauyukanmu, kafin dokar gari ta iso, uwar gida in ta tsufa ta rasu akan sa ta a cikin ɗakinta. Kakata ma haka aka yi mata.

Ya ce, "Matana ne. Saratu." Ya gyara bakin zanen. "Na ga yadda kuna yi, ɗana. Na tsaya na gani da idona. Kuna tura bango ciki. Duka ƙasan nan, duka itacen nan, a kan Saratu zai sauka. Bayan haka kuma ruwa zai yi ta dukan shi, ba rufi. Saratu ba ya son sanyi. Ko da rani da bargo yake kwana." Ya dafa tudun. "Kuma an ce in gwamnati ya sani, za a tone shi a kai bayan gari. Shi ya sa na rufe bakina."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Baba, ba mai tone Mama. An sa ta a nan tun wurin nan bai zama gari ba, dokar ba ta hau kanta ba. Wannan ni na gaya maka, kuma ni ne mai sashen."

"To bangon fa?"

Na ɗaga kai na dubi jinkar. Hayaƙin shekaru ya mayar da ita baƙa, amma itatuwanta suna nan daram, gara ba ta kai can ba. Na ce, "In na sauke bangon nan ko ɗan ƙwallon ƙasa bai faɗa kanta ba, na kuma bar mata rufinta, za ka koma ɗakin kwano?"

Ya dubi jinkar shi ma. Ya ce, "In na gani."

Na je wa Sakatare da maganar. Ya ce lebura suna da ɗakuna da yawa a gaba, ba za su ɓata yini a kan ɗaya ba. Na ce ba na son lebura, a ba ni yinin kawai. Doka ta ce kada mutum ya kwana a ɗaki mai haɗari, ba ta faɗi ta wane gefe bango zai faɗi ba, ba ta kuma hana rumfa a tsakar gida ba. Ya kaɗa kai ya ce in je, amma in wani ya ji ciwo, alhakin a wuyana. Sannan na je wa Malam Iro, don in ba ciki za a zubar ba, to waje ne, lungunsa zai toshe, wata ƙasar ma har tsakar gidansa. Ya ce, "Ta zuba. Maman Ladi ce ta yi wa uwargidana wankan jego, ba ta da kowa a garin nan lokacin. Ƙasar ɗakinta ba za ta gagare ni kwasa ba."

Muka jira safiyar da gari ya ɗan washe. Mazan coci suka zo, tsofaffin abokan aikinsa na reluwe suka zo, Malam Iro ya rufe teburinsa ya zo da 'yan'uwansa mahauta. Da farko muka tokare bangon ta ciki da itatuwa, don kada ya yi mana gardama ya faɗa inda ba a so. Muka rufe tudun da tsofaffin ƙofofi da tabarmi. Sai ɗaga jinka. Ku da kuka tashi cikin kwano ba ku san wannan ba: jinka a ƙasa ake ɗaure ta, a ɗauke ta ɗungum a ɗora kan ɗaki, haka kuma ake sauke ta. Amma sabuwa ake yi wa haka, busasshiya. Wannan ta sha ruwa ta sha hayaƙi, nauyinta ya ninka, in wani gefe ya riga wani tashi za ta karye a tsakiya ta zube ciki. Maza suka kewaye ɗakin, kowa da gwafa a ƙarƙashin bakin jinkar. Wani tsohon helumansu na reluwe, wato shugaban lebura, ya ce shi zai ba da murya, irin wadda suke ɗaga ƙarfen layi da ita. Ya rera, suka amsa, ya rera, suka amsa, a ta ƙarshe jinkar ta yi ƙara ta rabu da bangon. Ɓeraye suka zubo, baƙin ruwa ya tsiyayo mana a ka, ba wanda ya saki. Muka taka da ita a hankali muka ajiye a tsakar gida.

Bangon kuwa da hannu muka sauke shi. Mutum ya hau tsani ta ciki, ya sa ƙaramar fartanya ya ɓanɓaro tubali, ya tura waje. Daga sama, layi-layi, ana zagayawa, ba a barin wani gefe ya fi wani tsawo. Gefen tsagar ni na hau da kaina, don ni na sa fentin. Baba Didam yana zaune a kan kujera inda ƙofa take, hularsa a gwiwa, idonsa a kan tabarmin nan. Mata suna kawo kunu, yana girgiza kai. Da rana ta karkata bango ya dawo iya gwiwa, muka tsaya a nan, muka bar shi ya zama 'yar katanga mai tare ruwan ƙasa. Muka haƙa ramuka a kewaye, muka kafa gajerun dirkoki masu ƙarfi, heluma ya sake ba da murya, aka mayar da jinkar bisa kansu. Ta zauna ƙasa-ƙasa, sai mutum ya sunkuya zai shiga. Inda ciyawa ta zube, mahauta suka hau suka toshe da sabon shuci.

Aka janye ƙofofi da tabarmi. Baba ya sunkuya ya shiga, ya bi daɓen da tafin hannu daga kai har ƙafa, ya mayar da zanen ya shimfiɗa.  Ya fito da tabarmarsa da bargonsa a hammata, ya tsaya a tsakar gida yana duban ɗakin kwanon da Ladi ta dawo ta kwashe cittar ta share masa. Ni dai na tafi gida ban san inda zai shimfiɗa ta ba. Ƙarƙashin jinkar nan ba bango, in ya kwana a can cikin wannan sanyi, ciwon haƙarƙari zai yi masa abin da bangon bai yi ba.

Kafin gari ya waye aka yi ruwa da iska irin wanda ke tuge bishiya. Da sassafe na hau keke, taɓo yana kama taya, na sauka na tura. Na tarar da Malam Iro a lungu da shebur yana kwashe ƙasar jiya. Da ya gan ni sai ya nuna mini ɗakin kwano da haɓa. Ƙofar a buɗe take, ga tabarma a shimfiɗe, ga bargo a naɗe a kanta. 

Baba yana ƙarƙashin jinkar, a tsugune, da tsintsiya a hannu. Ya ji motsina bai juyo ba.

"Duba-gari, ka zo?"

"Na zo, Baba. Yaya kwanan sabon wuri?"

"Kwano yana da surutu," in ji shi. "Amma na yi barci. Sunkuyo. Kawo hannunka."

Na sunkuya na shiga. Ya kama hannuna ya ɗora a kan daɓen, gefen zanen. Ƙasar a bushe take ƙayau, ko ɗigo bai taɓa ta ba, alhali tsakar gidan duk ta zama tafki. Ya riƙe hannun nawa a wurin, yana ɗan bubbuga bayansa.

Ya ce, "Ka duba da kyau?"

Na ce, "Na duba, Baba."

"To ka je ka gaya wa ofis, ɗakin Saratu ba ya yoyo."